Na Rufe Fuskar Yayata, Na Manta da Zaninta

A lokacin ni tela ne a kasuwar Lazaret, ƙafa kan keke, ido kan salula. Ina da zafin kai da son a ce ni na fara faɗa. Duk abin da ya faru a garinmu, ni nake watsa shi, har abokai suna tsokanata da ɗan jarida.

Yayata ta zo Yamai ganin likita, ta sauka wurina a unguwar Gamkalley. Nan ta ba ni labarin wani shugaban 'yan bindiga da ya addabi yankinmu, da yadda yaransa suka harbe manoma a gabanta. Haushi ya kama ni. Na ce ta maimaita in ɗauki bidiyo, duniya ta gani, a kama shi. Ta ƙi, ta ce mijinta yana can yana jiran girbi, kuma mutanen nan ba nisa gare su ba. Na yi ta lallashinta, na rantse zan rufe fuskarta in sauya muryarta. Ta yarda don ni ƙanenta ne, ba don ta gamsu ba.

Na cika alkawari, amma ban lura da zanin da ta ɗaura ba. Ankon bikin 'yarta ne, ni na ɗinka shi da hannuna, kuma matan gidanmu kaɗai suka sa shi. A Yamai atamfa ce kawai. A ƙauye kuwa, kowa ya san gidan.

Bidiyon ya bazu fiye da zatona. Mutane suka yi ta turawa suna neman a hukunta shugaban 'yan bindigar, har daga ƙasashen waje ana kirana jarumi. Wallahi na ji daɗi, wannan ne abin da ya fi ba ni kunya yau. Ban tuna cewa yaransa ma suna da salula ba. Kafin a gama girbi suka zo kan moto, wato babur, suka ɗauke mijin Yaya daga gona. Na sake yin kururuwa a intanet, amma gasar kokowa ta kama, hankalin jama'a ya koma can. Na kai ƙara wurin jandarmomi, suka rubuta, suka ce in yi haƙuri.

Har yau mutumin nan yana dajinsa, mijin Yaya kuwa babu labari. Na gane cewa yawan turawa ba ya ɗaure mai bindiga, sai hukuma ta tashi. Don Allah, kafin ku watsa shaidar wani, ku tambayi wa ya rage a inda moto zai iya kaiwa. Yaya ba ta taɓa zagina ba, da ma ta zage ni. Sau ɗaya kawai ta tambaye ni, cikin duk waɗanda suka kalle ta, ko akwai wanda zai je ya dawo mata da mijinta.