Mayafan Anko a Gadon Gwaggo

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Ummi, 'yar yayata Sa'adatu. Kwananta hamsin da uku a duniya. Ban taɓa rubutu a jarida ba. Ina yi ne yau saboda ni ma yanzu ina da ɗa, Abdallah, kuma jibi zai cika kwana hamsin da uku.

Ranar wunin bikin 'yar Gwaggo Asabe ne, a Mandawari, ina aji biyar na sakandare. Bayan azahar Yaya ta shayar da Ummi ta miƙo mini ita. Ta ce, "Hafsa, kai ta ɗakin Gwaggo, ki zo ki taya ni zuba waina." Katifar Gwaggo irin mai laushin nan ce, in ka zauna sai ka nutse. Na kwantar da ita rub-da-ciki can ƙuryar gado, yadda na taso na ga ana yi a gidanmu, wai jarirai sun fi daɗewa suna barci kuma ba sa ƙwarewa da tumbuɗi. Na tare ta da filo, na fita.

Kowa ya san yadda muke yi a gidan biki. Ana zafi, mace ta leƙa ɗaki, ta cire mayafi ta wurga kan gado daga bakin ƙofa, ta koma tsakar gida. Labule a sake, ɗakin da duhu. Ba mai dubawa.

Da la'asar Yaya ta shiga ɗauko ta. Ba ta yi ihu ba. Sunana kawai na ji tana kira a hankali. Na same ta tana ɗaga mayafai ɗaya bayan ɗaya.

Duk na anko ne, shuɗi iri ɗaya. Nawa ma yana ciki. Na koma na ajiye shi wajen ƙarfe uku, kuma har yau na kasa tuna ko na kalli ƙuryar gadon. Bayan maza sun kai ta, mata suka riƙa shiga suna ɗauka, ba wadda ta san ko nata ta ɗauka, ba wadda ta kalli fuskar wata.

An ce kwananta ne ya ƙare, kuma na yarda. Amma ni na kwantar da ita. Ban yi kuka ba ranar, ban kuma yi ba daga baya. Abin ya zauna mini ne kawai.

Da tana nan, da bana za a sa ta Islamiyya. Nakan yi tunanin ko Anti za ta riƙa ce mini ko Hafsa gatsal, kamar sauran yaran gidan. Me za ta ce in ta ga ina sa yatsa a hancin Abdallah kowane minti kaɗan? Ban san muryarta ba, shi ya sa ba na jin amsar.

Ranar awon ciki ne nas ta ce mana jariri a rigingine ake kwantar da shi, kowane barci, a shimfiɗa mai ƙarfi, ba filo, ba tarin zannuwa, ba hayaƙin turaren wuta a kansa. Na ce, "Sista, tumbuɗi fa?" Ta ce a rigingine ma ya fi tsira. Ta ce wani lokaci ana yin komai daidai a rasa yaro ba a san dalili ba, amma wannan a hannunmu yake. Na rubuta a bayan katina.

Makon jiya aka yi sunan wani jikan Gwaggo a gidanta. Abdallah ya yi barci a kafaɗata, Gwaggo ta miƙo hannu.

"Kawo angon nawa a kai shi ɗaki."

"Gwaggo, a bar shi nan."

"Ji 'yar boko! Tara na haifa, duk a kife suka girma. Ke za ki koya mini?"

Ban taɓa mayar wa Gwaggo magana ba. Na shimfiɗa zane a kan tabarma, a inuwa, na kwantar da shi a rigingine gefen ƙafata.

Yaya ce ta tashi. Shekara huɗu ba mu taɓa zancen ranar nan ni da ita ba. Ta kwance igiyar shanya, ta ɗaura a bakin ƙofar ɗakin, ta tsaya a wurin. Duk wadda ta zo da mayafi a hannu sai ta ce, "Kawo nan, Hajiya," ta rataye shi a igiyar. Gwaggo ta daɗe tana kallonta, sannan ta shiga ɗaki ta ɗaga labulen da kanta.

Ummi ba ta bar hoto mai kyau ba, kayanta ma an rabar. Abin da na san ta bari shi ne igiyar nan. Jiya na wuce ta gidan, tana nan ba a kwance ba. Allah ya sa Ummi mai ceto ce. In kun je gidan biki, don Allah ku kalli gadon kafin ku wurga mayafi.