Wasiƙun Ipay Buya Zuwa Fadar Shugaban Ƙasa

A ƙauyenmu na 'yan ƙabilar Truku, a gindin duwatsun gabashin Taiwan, ba wanda ya kai Ipay Buya jin haushin Umin Lowsi, ƙanin marigayi mijinta. Masaƙiya ce, ta ba sittin baya, ita ke dafa shinkafar cikin gora duk Lahadi a coci. Ɗanta kuwa direba ne a kamfanin simintin da ke fasa dutsen da ke bayanmu.

Wannan kamfanin Umin ya yi shekara ashirin yana yaƙa. Ranar da suka kewaye kaburburan kakanninmu da waya, sai ya hau tarakta ya bi ta kan wayar, wani mai gadi ya karye a hannu. Alƙali ya yanka masa shekara bakwai.

"Madalla," in ji Ipay. "Kunnena ya huta."

Bai huta ba, domin Umin ya bar karnukan farauta biyar, kuma gidanta ne a maƙwabta. Suka tare a ƙofarta, suka cinye mata kaji, ɗaya ya tauna zaren da ta yi wata guda tana rinawa.

A lokacin fastonmu ya riga ya aika wa shugaban ƙasa takardar neman afuwa mai shafi goma sha biyu, cike da ayoyi da sassan doka. Shiru. Sai Ipay ta yagi takarda ta rubuta tata: "Ranka ya daɗe, ban ce Umin ba shi da laifi ba. Wawa ne tun yana yaro. Amma ƙasar ta ubansa ce, wannan kam ko ni ba zan musa ba. Ba a ɗaure mutum shekara bakwai don wauta. A sake shi ya zo ya kwashe karnukansa."

Duk Litinin sai ta aika wata. Wata lauya daga Taipei ta ga ɗaya, ta karanta a wani taro, kafin a ce me ɗalibai sun cika ƙauyen. Suka buga fuskarta a riguna, da kalmominta a ƙasa: "Ƙasar ta ubansa ce." Sauran maganar kuwa suka yanke.

"Inna, daga ina kika samo wannan ƙarfin zuciya?" wata ɗaliba ta tambaye ta, idonta cike da hawaye.

"'Yar nan, matsa, kin taka kashin kare."

Da aka ce sai fursunan ya sa hannu da kansa a takardar neman afuwar, Umin ya ƙi. Ipay ta shiga jirgin ƙasa ta same shi a gidan yari, gilashi a tsakaninsu. Ya rame, haƙoransa biyu sun zube. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ɗauki wayar tarhon da masu ziyara ke magana da ita.

"Matar yaya, afuwa ta masu laifi ce," ya ce. "Ni me na yi?"

"Hannun mutum ka karya, kai sakarai."

"Shi ya tsaya a hanya. Kuma na ji abin da kika rubuta. Duk ƙasar nan an san ni da wawa."

"Da can ƙauye ne kawai ya sani. Sa hannu, kafin su aiko mini da kai a akwati in rasa inda zan binne ka."

Ya sa. Aka ƙara shekara biyu ana nazari. Daga baya aka yi sassauci ga fursunoni masu yawa lokaci guda, Umin ya fito a layi ɗaya da ɓarayin babura, saura wata huɗu wa'adinsa ya cika. Kafin nan kamfanin ya gama da gefenmu na dutsen ya koma ɗaya gefen, ya bar mana rami. Ranar da ya dawo aka yanka alade, Umin ya yi jawabin awa guda, ya gode wa kowa har direban bas, bai ambace ta ba. Ita ma ba ta ji ba, tana baya tana raba nama.

Bara wasu dattawa suka zo daga kudu, an ɗaure musu mutum a kan gandun daji, suna roƙon ta rubuta musu irin tata. Ta ba su shayi, ta saurare su har ƙarshe.

"Wane irin mutum ne?" ta tambaya.

"Mutumin kirki, Inna. Ba ruwansa da kowa."

Ta girgiza kai. "Kai, abin tausayi. To ku je wajen fasto."