Neman Jinkar Makaranta Har Tsafe

Ana idar da sallar asuba muka bar Kekun Waje, ni da abokan tafiya biyu da jaki mai taurin kai. Iskar farkon damina ta yaye jinkar makarantar da nake karantarwa, yara sun watse, iyayensu sun tura su gadin gona saboda ɓarayi. Niyyata in roƙi taimakon baitulmali kafin yaran su manta baƙaƙen karatu.

A Bungudu muka jira ayari, don ba mai bin hanyar Gusau shi kaɗai yanzu. Muka karya da hoce da fura. Mai hocen ta ƙi karɓar kuɗin wuri, wai anini take so, shi ake karɓa a haraji.

A Gusau aka ce magatakardan da ke duba irin wannan koke ya tafi Tsafe karɓar jangali. Raina ya ɓaci, amma na ce ko bayan dutse ya shiga sai na gan shi.

Muka same shi a wani zaure a Tsafe, ana ta gardama. Wani bafatake ya ce 'yan fashi ne suka kashe kasuwa. Wani manomi ya ce haraji ne ya mai da mutane 'yan fashi. Na tsoma baki na ce rashin karatu ne, aka yi mini caa. Kowa da gaskiyarsa, ba mai sauraron wani.

Da na kai kokena, magatakarda ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Abin da munka tara bana ko albashin dogarai bai kai ba, balle jinka."

Da hannu wofi muka juyo. A hanyar dawowa na riƙa ganin yara zaune bisa rumfunan gadi a bakin gonaki, wuni guda ba abin yi sai jifan biri. Haushin kaina ya kama ni. Ina ta yawon neman inda zan tara yara, alhali ga inda suke.

Da muka iso gida ban ko leƙa kangon makarantar ba. Na ɗaure alluna da tawada a bayan jaki na nufi gonaki, rumfa rumfa. Tafiyar ta koya mini in daina jiran baitulmali. A rumfa ta farko ɗalibina da na tarar ya kasa tuna inda muka tsaya, sai na wanke allon muka soma daga bismilla.