Kunyoyi Uku a Ƙofar Zauren Baba

Shekarar da idon Baba ya rufe aka damƙa mini makarantarsa a Maska, yara sun haura talatin. Ni kuwa gemuna bai gama fitowa ba, ga zuciya a kusa. Abin da na iya kawai shi ne bulala.

Kai, na ga ta kaina! Duk a cakuɗe suke zama, mai babbaƙu kusa da mai dogayen surori, kowa na ƙwala nasa. In ina biya wa wannan, wancan ya wanke allon ɗan'uwansa da bai haddace ba, sai kuka da dambe. Na yi duka har hannuna ya gaji, a banza. Wani marini ya zo da hannayensa baƙi ƙirin ya janye 'ya'yansa biyu, ko sallama bai yi mini ba.

Baba ya kira ni ɗaki ya ce, "In aka kai dawa rumbu ban ji karatu a ƙofar nan ba, ƙanena zai karɓa. Kai ka kama fatauci." Wallahi na ji ciwon maganar nan, don ba abin da nake so a duniya kamar wurin nan.

Ana haka aka kira gayya gonar surukin Baffa, ƙanen Baban nan nawa. Na je ina ta cika ina batsewa. Sai na lura da dattijon da ke raba aiki. Ko tsawa bai yi. Ya ba kowa kunyar da zai nome, ya sa ƙaƙƙarfa kusa da rago, wanda ya fita ya juyo ya tari maƙwabcinsa. Daga bakin gona yana ganin wanda ya tsaya. Na riƙe fartanya na yi sororo, har aka fara yi mini tsiya wai malam ya gaji.

Da asuba na ɗauki sanda na ja layi uku a ƙasa. Masu babbaƙu gaba, masu farfaru tsakiya, masu surori baya. Kowane layi da turken jingine allunansa, ba mai wanke allo sai ya karanta mini na ce wanke. Wanda ya iya nasa ya juya ya saurari na kusa da shi. Kwanan farko dariya suka yi ta yi, 'yan banza, wai na shuka su. Na cije, na zauna a kan bulalar don kada hannuna ya kai.

Ranar da aka gama ɗaukar dawa, Baffa ya riƙo hannun Baba ya zaunar da shi a bakin zaure. Yara na ta karatu a layukansu. Baba ya karkata kunne, yana sauraro. Can ya nuna da sanda.

"Akwai yarinya a baya, ta hagu, ta tsallake aya."

Kafin in buɗe baki, ta kusa da ita ta gyara mata, karatu ya ci gaba.

Baba ya ce, "Shekara talatin ina nan, ban taɓa iya tsintar murya ɗaya a cikinsu ba." Ya juya wajen Baffa. "Tashi ka mai da ni ciki, kada mu hana Malam aiki."

Bai taɓa kirana da haka ba. Na sunkuya kan allon wani yaro ina gyara masa harafi, hawaye ya ɓata tawadar.