Rigar Bayan Ƙofa

Ni ban taɓa taka filin ƙwallo ba, karatu ma ban iya ba, amma tarihin kulob ɗin garin nan na san shi, kuma da hancina na san shi. Ke da kika zo ɗaukar labarin, ki rubuta haka, kada ki gyara mini.

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Tun yaran kulob ɗin ba su zama kowa ba yake bin su, tun kafin mu tare a Tudun Fulani. Wata shekara aka raba wa magoya baya riguna. Ranar da ya fara sa tasa, ranar suka hau babban rukuni, inda manyan ƙasa suke bugawa. Ya dawo jage-jage da gumi da jar ƙasa. Na ɗauki rigar zan jiƙa, ya fizge kamar na ɗauko masa garwashi.

"Kul! Sa'a ce a jikinta. A kwata za ki zubar mana da ita?"

Na ɗauka zancen kwana biyu ne. Ashe rigar nan ta yi bankwana da ruwa ke nan. Yaron da nake goyo a lokacin, yau 'ya'yansa suna makaranta.

A ƙusa take rataye, bayan ƙofar ɗakinmu. Warinta kamar daddawar da ta jiƙe aka manta da ita a tukunya. Da damina ta yi fumfuna, da zafi ƙudaje su yi mata rubdugu. Wuyanta ya yi baƙi, ya yi tauri kamar ƙirgi. Duk turaren wutar da na ƙona a ɗakin nan, asara na yi. Shi kuwa in ya yi baƙi sai ya sauko da ita, ya shimfiɗa a tabarmar da muke cin abinci, yana nuna musu tabo ɗaya bayan ɗaya. Jar ƙasar kafaɗa ta hawa babban rukuni ce. Jinin ƙirji na ranar da aka jefe su da duwatsu a garin wasu, suka dawo da nasara duk da haka. Babban tabon baya kuwa zoɓo ne, wani ya juye masa don murna ranar da suka ciyo kofin ƙasa baki ɗaya. Na tuna wannan ranar. An zaga gari da kofin a buɗaɗɗiyar mota, 'yan kasuwa sun bar rumfuna, shi kuma ya yi kwanaki muryarsa ba ta fita. Kofin nan ne ya kai yaran har ƙasashen waje. Bayan haka sun faɗo, sun sake hawa, sun sake faɗowa, sun sake hawa, duk a jikin riga ɗaya.

Nakan ce, "Malam, ko gawa ana yi mata wanka."

Ya ce, "Gawa ta taɓa cin kofi?"

In aka lallasa yaran kulob in ce, "To, ina sa'ar?"

"Ke dai ba ki san ƙwallo ba. Da ban sa ta ba, da kwando za mu kwaso ci."

Bara ya kwanta ciwo, ya daɗe, ya tafi. Ina cikin takaba na tsinci kaina a bayan ƙofa, fuskata a cikin rigar nan. Warin yana nan, amma can ƙarƙashinsa akwai gumin mutumin da na zauna da shi tun ina yarinya. Sauran kayansa duk an wanke an raba. Nan kaɗai ya rage. Kullum sai na je, kullum sai na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Ko arba'in ba a yi ba sai ga shugaban magoya baya, wani Alhaji Banufe mutumin Bida, da mutum biyu. Ni Bakatsina ce, mun saba tsokanar juna. Duk jinyar Malam ban ga ƙeyar ɗayansu ba. Suka zauna a zaure, ina daga bayan labule. Addu'ar ko minti ba ta kai ba.

"Uwargida, kulob na kan hanyar faɗowa daga babban rukuni. Rigar marigayi muka zo aro."

Na ce, "Alhaji, a bar maganar nan."

Suka tafi, suka dawo, suka sake dawowa. A zuwan ƙarshe na ce bari in nuna musu, su ga ta ruɓe, ba mai iya sa ta, su ƙyale ni. Na miƙa ta gefen labule. Ina leƙe, Alhaji, dattijo da furfurarsa, ya cusa hanci a hammatar rigar, ya ja numfashi, ya lumshe ido.

"Alhamdu lillahi! Bakatsina ba ta taɓa ta ba. Tana nan da ƙarfinta."

Ɗaya daga cikin 'yan rakiyarsa ya zaro almakashi daga aljihu. Ashe ba sawa za su yi ba. Yanka ta za su yi ƙanana, kowane ɗan wasa ya cusa nasa a safa, sauran a binne a gindin raga. Gumin mijina, a ƙafar yaran da ba su san sunansa ba, su yi ta taka shi.

Na zura hannu ta gefen labule na cafke rigar. Na fizgo ta. Na san muddin warin yana nan ba za su daina zuwa ba, wata rana ina banɗaki za a aiko wani ya zare ta. Na nufi tsakar gida, na tsunduma ta a baho, na ɗauko sabulun salo.

"Uwargida! Don girman Allah!"

Ruwan farko baƙi ƙirin kamar na kwata. Na zubar, na sake. Jar ƙasar ta fita, zoɓon ya fita, jinin ya ɗan yi gardama. Kafaɗar ta yage a hannuna, ashe dauɗar ce take riƙe da ita. Ina cuɗawa ina kuka, na san abin da nake zubarwa.

Alhaji ya ce daga zaure, "Kin kashe mu, Bakatsina."

Na ce, "Wanda ya mutu yana maƙabarta, Banufe. Ka san hanyar?"

Sai na ji ƙarar takalmansu suna fita.

Ba su sake zuwa ba. Ko kulob ɗin ya faɗa ko ya tsira, ban tambaya ba, kada ma ki gaya mini. Rigar na ɗinke ta, tana nan a ƙusarta, ba mai yanka ta. Har yanzu nakan tashi in je bayan ƙofa in kai hanci. Sabulu kawai nake ji.