Kawu Ajuji

A Bilbis, in an ci tuwo, kakarmu Inna Tumba kan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta muna gasa gyaɗa. Kowa nata ne, ban da ɗanta, Kawu Ajuji. Ko fura ya kawo mata, sai ta kau da kai ta ce, "Aje nan, tarkace." Ba ɗan fari ba ne balle a ce kunya ce. Abin yana ƙona mini rai, don Kawu ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba.

Wata rana na tambaye ta dalilin wannan mummunan suna na Ajuji. Ta dubi danga tukuna, sannan ta rage murya ta ce ga ta nan, mu matso.

Wai wata mata ce, duk ɗan da ta haifa, da ta fara yi masa tawai sai Mutuwa ta ji, ta leƙo ta danga ta ɗauke shi. Da ta sake haihuwa, ungozoma ta karɓe jaririn tun bai sha nono ba, ta kwantar da shi a kan juji, cikin toka da ɓawon gyaɗa. Mutuwa ta zo tana shinshine-shinshine, ta juya shi da ƙafa, ta ce, "Abin da masu shi sunka yas, mi zan yi da shi?" Ta wuce. Aka ɗauko yaro, ya rayu.

"Ta tafi ke nan?" in ji ni.

"Ina hwa. Tana nan bayan danga, ta kasa kunne. Rad da uwar tac ce tana son shi, ran nan za ta dawo."

Karan danga ya motsa, alhali babu iska. Duk muka cusa kai jikinta.

Na girma, ina aiki a Gusau, aka aiko Inna ba lafiya. Na tarar da Kawu, da furfurarsa, yana yi mata fifita. Ta buɗe ido, ta dubi ƙofa kamar mai ganin baƙuwa, ta kama hannunsa.

"Ta iso, amma wurina taz zo. Abdullahi, ɗana, cikin ɗiyana duk babu wanda nika so awa kai."

Ban taɓa jin sunansa na yanka ba sai ranar. Kawu ya kifa kai a gadonta yana kuka kamar yaro.

Na sani rai na Allah ne, juji ba ya tare ajali. Amma har yau, in ɗana ya yi abin kirki, yabo ya zo mini baki, sai na dubi ƙofa tukuna.