Tsohon da Ya Naɗe Fata a Sandarsa

Ranar kasuwar Dakoro, shekara biyu da samun mulkin kai, Baraka mai fura tana kallon wani baƙon tsoho zaune gindin aduwa. Ƙafafunsa duk faso. Sandarsa naɗe take da siririyar fata har tsakiya. Yana warware kaɗan, yana jiƙa ta da miyau, yana ɗinke takalminsa da basilla.

"Baba, sai ina?" in ji Baraka.

"Agadas, ɗiyata. Ɗana na can ba lahiya."

Baraka ta ƙura wa naɗin ido. An jera shi tsaf, irin aikin hannun mace. Ta ayyana a ranta akwai wata tsohuwa can gida da ciwon ƙafa ya hana ta biyo shi.